Yadda ake farfaɗo da tsoffin injinan sassaƙar ƙarfe a garejin gida a Amurka

A ƙasar Amurka akwai masu sha'awar aikin ƙarfe da kan sayi tsohon injin da masana'antu suka daina amfani da shi, su kai gida, su shafe watanni suna gyara shi a gareji. Wanda aka fi nema shi ne samfurin Bridgeport.

Wannan dai ba injin niƙan hatsi ba ne. Inji ne mai wuƙa da ke jujjuyawa, tana sassaƙar ƙarfen da aka ɗaure a kan wani tebur mai motsi, har a fitar da kayan gyara daidai da awon da ake buƙata. Wasu 'yan asalin ƙasar Sweden su biyu, Rudolph Bannow da Magnus Wahlstrom, su ne suka fara sayar da shi a shekarar 1938 a birnin Bridgeport na jihar Connecticut.

Matsalar farko ita ce ta nauyi. Injin ya kai kusan kilogiram 900, kuma sama ta fi ƙasa nauyi, saboda haka yana iya kifewa kan mai ɗaukarsa. Shi ya sa akan sauke teburin ƙasa, a juya kan injin ya dubi ƙasa, kafin a motsa shi. Kazalika motarsa tana aiki ne da wuta mai layi uku irin ta masana'antu, wadda galibin gidaje ba su da ita, sai an haɗa da na'urar da ke sauya wutar.

Bayan an wargaza shi an wanke dattin mai, sai a shiga batun fenti. A nan ma akwai haɗari. A 1978 ne Amurka ta haramta fenti mai sinadarin dalma a gidaje, amma haramcin bai shafi fentin masana'antu ba. Don haka goge tsohon fenti a bushe kan iya tayar da ƙura mai guba, wadda ta fi yi wa ƙananan yara illa, ga shi kuwa garejin a jikin gida yake. Masu lura kan gwada fentin tukuna, su rufe hanci da abin tace iska.

Da zarar an cire fentin sai a tarar da jikin ƙarfen duk ramuka, domin zuba shi aka yi. Akan cike su da irin ƙullun da masu gyaran jikin mota ke shafawa, a goge, sannan a fesa sabon fenti, galibi ruwan toka.

Sai dai kuma fenti ba ya ƙara wa inji daidaito ko kaɗan. Ainihin lafiyarsa tana ga hanyoyin da teburin ke zamewa a kansu, waɗanda suka fi cinyewa a tsakiya, inda aka fi aiki. Sau da yawa ma tsoffin masu injin sun ɗura masa giris a inda mai ya kamata a zuba, giris ɗin ya toshe magudanan man, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Gyaran wannan sai da haƙuri. Akan shafa shuɗin launi a kan wani ma'auni mai miƙaƙƙiyar fuska, a goga shi a kan hanyar. Duk inda launin ya kama, nan ne tudu, sai a kankare shi da hannu, a sake gwadawa, har kuskuren ya gaza kashi ɗaya cikin dubu na inci. Da yawa kan tsallake wannan mataki, su tsaya ga fenti.

Wannan ne ya sa ƙwararrun masu saye kan yi ɗari-ɗari da tsohon inji mai sheƙi. Sukan murɗa teburin daga wannan ƙarshe zuwa wancan: idan ya yi sako-sako a tsakiya ya kuma cije a gefe, to hanyoyin sun cinye.