Idan kamfani ya kasa biyan bashi, yaya ake fara shari'a?

Ɗan kasuwar Maƙarfi ko manomin tumatir a Ikara da Kudan da ya ba kamfani kaya bashi, aka yi ta masa yau da gobe, yana da hanya a doka. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce idan bashin ya haura adadin da aka ƙayyade (naira 200,000 ne a 2020), aka kai takardar neman biya ofishin kamfanin, mako uku suka wuce bai biya ba, ana ɗaukarsa ya gaza. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya, a nemi a rufe shi a raba kadarorinsa.

Ingila ma haka take, fam 750 da kwana 21. Indiya kuwa ta tsaurara a 2020, sai bashin ya kai rupi miliyan goma. A Nijar, ƙarƙashin dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka (OHADA), dole ne wanda ya kasa biyan ya kai kansa kotu cikin kwana 30.

A takarda dai ƙofarmu a buɗe take. Wahalar tana wajen kuɗin lauya da zirga-zirga zuwa Kaduna inda kotun take, ga kuma cinikinmu da yawanci na baka ne, babu rasit. Kotu kuma ba ta rufe kamfani kan bashin da ake jayayya a kansa da gaske.