Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Bambance Macizai Uku 'Yan Gida Ɗaya na Arewacin Amurka

A nahiyar Arewacin Amurka, daga kudancin Kanada har ƙasar Gwatamala, akwai wani dangin macizai da masana ke kira Pituophis. Manya ne, masu kauri, ba su da dafi. Abincinsu ɓeraye da ƙananan dabbobin rami da tsuntsaye da ƙwai, kuma naɗe abin da suka kama suke yi su matse shi har ya mutu, yadda mesa ke yi. Mutanen can suna kiransu da sunaye uku: macijin bijimi, saboda ƙarfin hucinsa; macijin gofa, saboda wani ɓeran rami mai suna gofa da yake farauta; da macijin fain, saboda dajin itacen fain da yake zama a ciki. Sun yi kama ƙwarai, har ma shekaru da dama masana na lissafa na Amurka duka a matsayin jinsi ɗaya kafin a raba su. Wanda ya dogara da launi kaɗai zai yi ta kuskure. Hanyar da ta fi inganci tana da mataki uku: a fara tambayar inda aka ga macijin, a duba hancinsa, sannan a zo kan zanen jiki.

Da farko, me ya haɗa su? Ɓawon bayansu yana da ɗan tudu a tsakiya, don haka jikinsu kaushi gare shi, ba ya sheƙi sosai. A ƙarshen hanci akwai wani babban ɓawo mai ƙarfi da suke tona ƙasa da shi. A saman kai, gaba da idanu, na Amurka da Kanada galibi suna da ɓawo 4 a jere, alhali yawancin macizan da suke gida ɗaya da su 2 gare su. Sai kuma huci. A bakin maƙogwaronsu akwai wani siririn guringuntsi a tsaye, wanda iska ke bugawa in sun fesar da numfashi, kamar ka riƙe takarda a tsaye gaban lebe ka hura gefenta. Wannan ne ke ba da ƙarar da ake ji daga nesa, mai sa gaban mutum faɗuwa.

Tambayar wuri ita ce rabin amsa, domin kowannensu da ƙasarsa. Kogin Misisifi ne babbar iyaka. Gabas da shi, musamman kudu maso gabas, ƙasar macijin fain ce, Pituophis melanoleucus, wanda aka fara bayyana shi a kimiyyance a 1803. Yana son ƙasa mai yashi da dajin fain mai sarari, daga jihar Niyu Jasi zuwa Fulorida. Tsakiyar nahiyar, wato manyan filayen ciyawa daga Albata da Saskacewan na Kanada zuwa Tekzas da arewacin Meziko, na macijin bijimi ne, ko da yake ya ɗan tsallaka kogin ta arewa zuwa jihohin Wiskonsin da Ilinoyi da Indiyana. Daga tsaunukan Roki zuwa gaɓar Tekun Fasifik kuwa, macijin gofa ke da gari. Saboda haka idan mutum ya ga irin wannan maciji a Kalifoniya, ba ya buƙatar ƙirga komai, na gofa ne. Idan a Nebraska ne, na bijimi ne. Idan a dajin yashi na Niyu Jasi ne, na fain ne.

Akwai abin lura a nan. A lissafin masana na yanzu, macijin bijimi ba jinsi ba ne mai zaman kansa. Reshe ne na macijin gofa, Pituophis catenifer, kuma cikakken sunansa Pituophis catenifer sayi. Ke nan kowane macijin bijimi macijin gofa ne, amma ba kowane macijin gofa ne na bijimi ba. A inda ƙasashen rassa biyu suka haɗu, kamar yammacin Tekzas da gabashin Niyu Meziko, suna barbarar juna, sai a sami 'ya'ya masu ɗauke da kamannin ɓangarorin biyu, waɗanda ko gwani sai ya yi da gaske.

Mataki na biyu shi ne hanci, kuma shi ne shaidar da ba ta cika yaudara ba. Ɓawon hancin macijin bijimi siriri ne, tsawonsa ya fi faɗinsa sosai, kuma ya ɗago sama da na kewaye da shi. Na macijin gofa na gaɓar Fasifik faɗinsa da tsawonsa kusan ɗaya ne, bai ɗago ba, shi ya sa bakinsa ke da ɗan dakushi. Macijin fain kuwa kansa ƙarami ne in an gwada da kaurin jikinsa, hancinsa mai tsini, ɓawon ya kutsa baya tsakanin na saman hanci. Siffar mai haƙa ce, kuma haƙar yake yi: matan macijin fain na Niyu Jasi da kansu suke tona ramin da za su saka ƙwai a cikin yashi, abin da ba kasafai macizai ke yi ba, wani lokaci ma mata da yawa su yi tarayya a rami ɗaya.

Sai a ƙarshe a dubi zane. Macijin bijimi rawaya ne ko ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, da tabo manya masu yawa a jere. Tabon kusa da kai da na wutsiya sun fi duhu, na tsakiyar jiki sun fi ja-ja, har a ga kamar macizai biyu aka haɗa. Shi ne kuma dogon gidan, yana iya kaiwa mita 2, wasu ƙalilan su kusa mita 2 da rabi. Macizan gofa na yamma sun fi siranta, zanensu ya bambanta daga reshe zuwa reshe. Macijin fain na arewa fari ne da baƙi, tabonsa manya kuma ba su kai na bijimi yawa ba. Na Fulorida ya fi kodewa, tabon gaban jikinsa a dushe. Na kudu maso yammacin Alabama da kudu maso gabashin Misisifi kuwa kusan baƙi ne ƙirin.

Akwai guda ɗaya da ke karya dokar kogi: macijin fain na Luwiziyana, Pituophis ruthveni, wanda aka bayyana a 1929. Yamma da Misisifi yake, a yammacin Luwiziyana da gabashin Tekzas, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ya fi kusa da macijin bijimi fiye da macizan fain na gabas. Rayuwarsa a ɗaure take da ɓeran gofa, shi ne abincinsa, raminsa ne mafakarsa. Macen kan saka ƙwai 3 zuwa 5 kacal, amma manya, tsawon kowanne kusan santimita 12. Da aka sare dazuzzukan fain mai dogon ganye, aka kuma hana wutar daji da ke share ƙarƙashinsu ta bar ciyawa ta tsiro, sai gofa ya ragu, macijin ya bi bayansa. Gwamnatin Amurka ta saka shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana a 2018, bayan ta saka baƙin macijin fain a 2015. A nan amfanin bambancewar ya fito fili. Macijin gofa yana nan birjik, amma ɗan'uwansa mai kama da shi doka ke kare shi.

Babbar musibar dukansu ita ce kamannin da suke yi da maciji mai kacau-kacau a wutsiya, wanda ke da mugun dafi. In an tsorata su sai su baje kai, su kumbura, su yi huci, su kaɗa wutsiya cikin busasshen ganye, ƙarar ta fito kamar ta mai dafin. Dabarar na korar wasu dabbobi, amma a gaban ɗan Adam sanda take jawo musu. Bambancin kuwa a bayyane yake. Wutsiyarsu doguwa ce mai tsini, babu kacau-kacau. Ƙwayar idonsu zagayayya ce, ta mai dafin a tsage take daga sama zuwa ƙasa. Ba su da ramin jin zafi da yake da shi tsakanin ido da hanci. Su ƙwai suke sakawa, shi haihuwa yake yi. Zancen da ake yaɗawa a wasu ƙauyukan Amurka cewa suna barbara da shi su haifi masu dafi ba shi da tushe, domin gidajensu sun yi nisa da juna. Manomin da ya kashe macijin bijimi ya kashe mai gadin rumbunsa ne.

Gargaɗi ɗaya ga mai karatu na ƙasar Hausa: waɗannan alamomi na Amurka ne, kada a ɗauko su a yi aiki da su a gida. Gamsheƙa idonta zagayayye ne, ƙwai take sakawa, ba ta da komai a wutsiya, amma dafinta na kisa. Abin da ya dace a ɗauka shi ne tsarin: a san macizan da ke yankin da mutum yake, a dubi alama fiye da ɗaya, a yi hakan daga nesa. Macijin da ba a tabbatar da shi ba, a ba shi hanya ya wuce, in kuma ya sari wani, a garzaya asibiti ba tare da tsayawa neman sunansa ba.