Falalar Haddar Alƙur'ani da Nauyin Riƙonta

Hadda, wadda wasu ke kira harda, ita ce mutum ya riƙe Alƙur'ani a zuciyarsa har ya iya karanta shi da ka, daga Fatiha zuwa Nasi, surori 114 da aka kasa su izu 60, ba tare da duba takarda ba. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa haddace Fatiha wajibi ne a kan kowane Musulmi tun da salla ba ta inganta sai da ita, amma haddace littafin gaba ɗaya farilla ce ta kifaya, wato nauyin da idan wasu suka ɗauka ya sauka daga kan sauran al'umma. Asalin wannan hukunci yana komawa ga yadda Alƙur'ani ya sauka a cikin shekaru 23, inda sahabbai suka riƙa karɓarsa daga bakin Annabi (SAW) suna haddacewa, kuma yawan mahaddatan da suka yi shahada a yaƙin Yamama ne ya sa Sayyidina Umar ya shawarci Halifa Abubakar da a tattara shi wuri guda, aikin da aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit.

Hadisai sun kawo falalar mahaddaci ta fuskoki da dama. Bukhari ya ruwaito daga Usman ɗan Affan cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ya koyi Alƙur'ani kuma ya koyar da shi, Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa ranar Alƙiyama ma'abocin Alƙur'ani zai riƙa karantawa yana hawa darajojin Aljanna har inda karatunsa ya tsaya. Fifikon yana bayyana tun a duniya, domin wanda ya fi karatu shi ake gabatarwa a limanci, kuma ko a ranar Uhudu, da aka riƙa binne shahidai biyu a kabari ɗaya, wanda ya fi haddar Alƙur'ani shi aka fara sakawa a lahadu.

Sai dai amfanin da mahaddaci ya fi ji a ransa yana zuwa ne daga zaman da yake yi da littafin kullum. Mai hadda yana iya tilawa, wato bitar abin da ya haddace, a gona ko a bakin kasuwa ko a gadon asibiti da tsakar dare, kuma yana iya tsawaita tsayuwa a tahajjud ba tare da ya riƙe mushafi ba. Wanda ya ɗaukar wa kansa izu 2 a rana zai sauke duk wata, ta yadda ayoyin haƙuri da tawakkali da tuna mutuwa za su ratsa harshensa sau 12 a shekara, kuma su ne ke fara zuwa masa a lokacin fushi ko rashi, kafin wata magana ta zo. Wannan ya sa malamai ke ƙirga natsuwar zuciya da tsare harshe cikin manyan ribar hadda.

Tsarin tsangaya a ƙasar Hausa da Barno, inda aka daɗe ana karatu da ruwayar Warshu, yana nuna yadda wahalar haddar kanta take zama tarbiyya. Almajiri yakan rubuta darasinsa a allo da tawada da alƙalamin kara, ya maimaita shi tun asuba, da dare kuma a gefen wutar kara, kuma ba a yarda ya wanke allon sai ya kawo karatun da ka a gaban malaminsa. Daga matakin kolo yake tashi zuwa titibiri, sannan gardi, har ya kai alaramma, gwani kuwa shi ne wanda ya ƙware har yana rubuta Alƙur'ani da ka, yana rarrabe ayoyi masu kama da juna ba tare da tuntuɓe ba. Shekarun da wannan hanya ke ci suna koyar da juriya da ƙanƙan da kai. A yau makarantun Islamiyya na tahfizi da musabaƙar ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, sun buɗe wannan ƙofa ga 'yan boko da 'yan mata masu yawa.

Falalar tana tafe da sharuɗɗa biyu. Na farko shi ne dawwama a kan tilawa, domin hadisin Bukhari da Muslim ya kamanta Alƙur'ani da raƙumin da ke saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa idan aka yi sake. Na biyu shi ne ikhlasi, wato yin aiki don Allah kaɗai, saboda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa cikin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama har da wanda ya karanta Alƙur'ani don a kira shi makaranci. Saboda haka alarammomi ke ɗaukar ranar walimar sauka a matsayin farkon aiki, kuma suna auna ɗalibinsu da izu nawa yake tilawa a rana da kuma yadda halinsa yake a cikin mutane.