Injin haƙa rame a garka: ina yake da amfani?

Wani sabon kayan aiki ya fito wanda ya kamata masu garka na Kurfai su san labarinsa. Ƙarfe ne murɗaɗɗe mai tsini. Ana ɗaura shi a bakin injin huda katako, irin mai aiki da batir. In an danna, sai ƙarfen ya juya, ya nutse, yana fiddo ƙasa waje. Kafin mai dagi ya gama rame ɗaya, injin ya yi biyar.

A cikin Dallol Boso, daga Filinge har Baleyara, ƙasa rairayi ce mai taushi, ruwa kuma yana kusa. A nan injin yana da amfani wajen dashen tumatir, tattasai, zogale da ƴan itatuwa. Amma a yayyafa ruwa tukuna, don busasshen rairayi yana rubzawa cikin ramen. A riƙe injin da hannu biyu: in ƙarfen ya ci karo da saiwa ko dutsi, yana murɗe hannu. Mai babbar riga ya tuɓe ta, kada ƙarfen ya naɗe ta.

Fako kuwa wata magana ce. Can bisa tudu, inda ƙasa ta daskare har ruwa ba ya shiga, tassa ita ce magani. A shekarar 1989 wasu manoman Ilela ta jihar Tawa suka tafi Yatenga, ƙasar Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramen, suka dawo da dabarar gida. Daga nan ta bazu. Faɗin tassa santimita 20 zuwa 30, zurfinta 15 zuwa 20. Ƙasar da aka fidda ana tara ta wajen gangare, don ta tare ruwa. Ana zuba taki cikin hannu biyu tun da rani. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwan damana ya samu hanya, hatsi ya tashi inda ko ciyawa ba ta fita da.

Ramen injin bai kai haka ba. Yawanci faɗinsa bai wuce santimita 10 ba, ba wurin taki, ba wurin ruwa. Ga kuma yawa: in tazarar mita ɗaya ce, hekta ɗaya tana cin rame 10.000, aikin awa kamar 300 ga mai diga. Batir yana mutuwa tun ba a je ko'ina ba, sai an kai shi wurin mai caji da hasken rana. Akwai babban inji mai shan mai, wanda ke haƙa rame mai faɗi, amma kuɗinsa sai ƙungiya.

Don haka kada manomi ya sai da tunkiyarsa yana zaton injin zai raya masa fako. Masu garka guda biyar ko shida suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su riƙa karɓa-karɓa lokacin dashe, daga Oktoba zuwa Disamba.