Ƙuri'ar Kurfai, kujera a Yamai: wa ke zama a kanta?

Duk lokacin da muka buɗe layi ga masu saurare a shirinmu na rediyo kan sha'anin zaɓe, akwai tambayar da ba ta rasa fitowa daga Damana, Bankuku ko Filinge: "Mun jefa wa ɗanmu ƙuri'a, jam'iyyarsa ta ci, to yaya aka yi wani da ba mu taɓa gani ba ya je majalisa?" Amsar tana cikin dokar zaɓen da aka yi aiki da ita har zuwa juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma ya kamata jama'a su san ta tun kafin a koma rumfunan zaɓe.

Abu na farko, gundumar Filinge ba mazaɓa ba ce ta kanta. A zaɓen 'yan majalisar dokoki, jahar Tilaberi baki ɗaya ita ce mazaɓa, tun daga Tera har Abala. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunayen 'yan takararta na jaha, mai zaɓe kuma jerin yake zaɓa, ba ya iya cire suna ko fifita wani. A majalisa mai kujeru 171 da aka zaɓa a 2016, kujeru 158 an raba su ta wannan hanya a jahohi takwas, takwas na mazaɓu na musamman ne domin ƙananan ƙabilu, biyar kuma na 'yan Nijar mazauna waje. A 2004 kujerun 113 ne, a 1993 kuwa 83.

Yaya ake rabon? Mu ɗauki misali. A ce kujeru biyar ne, ƙuri'u kuma 100,000. Sai a raba, kowace kujera ta kama 20,000. Jam'iyya ta farko ta samu 47,000, ta ɗauki biyu. Ta biyu ta samu 33,000, ta ɗauki ɗaya. Ta uku ta samu 20,000, ita ma ɗaya. Saura kujera guda. Nan sai a duba: in an ƙara wa kowacce kujera ɗaya, ƙuri'u nawa za su faɗa wa kowace kujerarta? Ta farko 15,666, ta biyu 16,500, ta uku 10,000. Ta biyu ce za ta ɗauka, duk da ta farko ta fi ta yawan jama'a.

Bayan lissafi sai rigimar cikin gida ta taso. Hukumar zaɓe ta CENI tana faɗin adadin kujerun kowace jam'iyya, jam'iyyar kuma ita ke fitar da sunayen waɗanda za su zauna daga cikin jerinta, kotun tsarin mulki ta tabbatar. A nan ne ɗan takarar da ya sha rana yana yawon ƙauyukan Tondikandiya zai iya tashi a tutar babu, domin shugabanni a Yamai suna auna gunduma da gunduma, da wanda ya kashe kuɗi, da kuma kason mata. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta tanadi kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka kai shi 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Albarkacinta mata suka tashi daga ɗaya tak a majalisar 1999 zuwa 14 a ta 2004.

Sai batun cike gurbi, wanda mutane ba su cika kula da shi ba. Kowane ɗan takara yana shiga zaɓe da mataimakinsa, wanda ake kira sufuleyan. In depite ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka naɗa shi minista, sufuleyan ne ke hawa kujerar ba tare da sabon zaɓe ba. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙara da cewa depiten da ya fita daga jam'iyyarsa da kansa ya rasa kujerarsa, sufuleyan ya gaje shi. Wanda jam'iyya ta kora kuwa yana ci gaba da zama a matsayin ɗan ba ruwanmu. Ke nan mutumin da ba a ma kiran sunansa a dandalin kamfe yana iya wakiltar jama'a shekara huɗu ko fiye, shi ne zai tsaya maganar hanya, da rijiyoyin Dallol Boso, da tsaron makiyaya da manoma.

A yau babu majalisar dokoki zaɓaɓɓiya, tun da sojoji suka karɓi mulki a 2023, kuma an rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025. Amma duk ranar da za a zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, muna ganin mutanen Kurfai da Tondikandiya suna da abin faɗa. Ko dai a ƙaramta mazaɓa ta dawo gunduma, ko a tilasta wa jam'iyyu bin jerin sunaye yadda suka ajiye shi kafin zaɓe, daga sama zuwa ƙasa. Sannan a riƙa karanta sunan kowane sufuleyan a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamashek, yadda tsohuwar da ta taka daga ƙauye zuwa rumfa za ta san wanda ta aika Yamai da wanda ke bayansa. Allah ya kai mu lokacin lafiya.