Faifan da Pinkie Ya Bari

A cikin finafinan aikata laifi da aka yi a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kaɗan ne suka kai Brighton Rock nauyin ma'ana, wanda John Boulting ya ba da umarni, ɗan'uwansa Roy ya shirya, ya fito a 1948, shekara goma bayan Graham Greene ya wallafa littafin da aka ciro labarin daga cikinsa. Richard Attenborough, wanda ya riga ya taka wannan rawa a dandalin wasan kwaikwayo a 1943, shi ya fito a matsayin Pinkie Brown, yaro ɗan shekara 17 da ke jagorancin 'yan daba masu yanka da aska a filin sukuwa na birnin Brighton.

Bayan ya kashe wani ɗan jarida, sai Pinkie ya auri Rose, yarinya mai hidima a gidan abinci, ba don ƙauna ba, illa don shari'ar Ingila ba ta tilasta wa mace ta ba da shaida a kan mijinta. Abin da ya ɗaukaka labarin kuwa shi ne Greene, wanda ya shiga ɗariƙar Katolika a 1926, ya zana yaron da ya yi imani da wutar Jahannama imani na yaƙini, amma ya yanke ƙauna daga rahama.

A ƙarshe ne littafi da fim suka raba hanya. Rose ta roƙi Pinkie ya naɗa mata muryarsa a faifan garmaho, shi kuwa ya cika shi da kalaman ƙiyayya. A littafin, bayan mutuwarsa, ta nufi gida za ta saurari wannan musiba, amma a fim faifan ya sami tabo, allura ta maƙale, tana ta maimaita kalmar so kaɗai, wadda ta zo kafin kalaman ƙiyayyar. Masu suka da dama sun ce an sassauta ne don a faranta wa 'yan kallo. Ni dai ban yarda ba, domin duk mai hankali ya san ranar da Rose ta tura allurar gaba za ta ji saura, kuma Greene da kansa yana cikin waɗanda suka rubuta fim ɗin.