Idan Ƙafa Ta Sage a Kan Gudu

Ɗan'uwa, idan an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, samari da yawa daga Adar da Gobir da ƙasar Maraɗi sukan ɗauki jaka su nufi Abijan ci-rani. Wataƙila kai ma ka taɓa zuwa, ko ɗanka yana can yanzu. Idan haka ne ka san Ajame, inda manyan tashoshin mota suke, ka kuma san mararrabar Libarte. Wanda ya tsaya a wurin da rana zai ga kowa a guje yake neman abincinsa. Yaran gbaka, wato ƙananan motocin haya, suna dirowa mota tana tafiya, su kira fasinja, su sake rugawa su ɗafe. Masu talla suna bin mota da gudu don su karɓi kuɗinsu. Yawancinsu leke ne a ƙafarsu, takalmin roban nan da ake ɗaurewa. Wani kuma ya ɗora kaya a ka ya taka tun daga Ajame, ya ratsa Filato, ya haye gada har kasuwar Tireshbil. Ran Lahadi kuma ga ƙwallo.

Irin waɗannan mutane sukan yi wani kuka iri ɗaya. Mutum yana cikin gudu ko doguwar tafiya sai ya ji yatsun ƙafarsa sun sage, ko ya ji kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafar, ko kamar ana tsira masa allura. Wasu suna cewa ƙafar ta yi minjirya. Sau da yawa abin ba shi da haɗari. Amma wani lokaci shi ne alamar farko ta ciwon da kan kai ga yanke ƙafa. Akwai hanya mai sauƙi da za ka fara rarrabe su da kanka.

Da Hausa, jijiya suna ɗaya ne, amma iri biyu ce a ƙafa. Akwai mai ɗauke da jini. Akwai kuma fara, siririya kamar zare, wadda ta taso daga lakar baya ta sauko har yatsu. Ita ce take gaya maka ka taka ƙaya, ko ƙasa ta yi zafi. Idan aka matse ta sai ta rikice, kamar yadda ka sani idan ka daɗe a durƙushe.

Yawanci takalmi ne yake matse ta. Ƙafa tana kumbura kaɗan idan ana gudu cikin zafi, takalmin da ya yi daidai da safe sai ya matse da la'asar. Igiyar kambas ko maɗaurin leke kuma a bayan ƙafa suke bi, daidai inda jijiya take kusa da fata. To ka tsaya, ka cire takalmin, ka motsa yatsu, ka jira minti 10 ko 15. Idan ji ya dawo sarai, laifin takalmi ne. Ka sassauta igiya. In za ka sayi wani, ka gwada shi da yamma, kana tsaye, ka bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsunka. Wani yakan ji kamar tsakuwa a ƙarƙashin tushen yatsu, sagewar kuma a yatsa na uku da na huɗu. Wannan jijiya ce ta kumbura tsakanin ƙasusuwa biyu, takalmi mai faɗin baki yakan sauƙaƙa ta.

Wanda yake dako kuwa, ya lura da bayansa. Idan zafi ya taso daga ƙugu ya bi bayan cinya ya sauka ƙafa ɗaya, to can sama aka danne jijiyar, ko da a yatsu yake jin sagewar. Mai shan taba da sharaɓarsa ke ƙullewa in ya yi tafiya, ta saki in ya tsaya, nasa hanyar jini ce ta ƙuntata. Su biyun duka su ga likita.

Yanzu ga wadda ta fi damunmu, wato sagewar da ba ta tafiya. Ka cire takalmi, ka huta, ka kwana, tana nan.

Idan ƙafa biyun ne tare, ta fara daga yatsu tana hawa sannu-sannu kamar an sa safa, da dare kuma tafin ƙafa yana raɗaɗi kamar an zuba barkono, abu na farko da za a nema shi ne ciwon sukari. Sukari da ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru yana cin ƙananan jijiyoyi, mafi tsawonsu kuma, wato na ƙafa, su suke fara lalacewa. Kusan rabin waɗanda suka daɗe da ciwon sukan sami wannan. Kada ka ce ai ciwon masu ƙiba ne ko na masu kuɗi, siriri ma yana kamuwa. Yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare, rama ba dalili, duk suna tafiya da shi, amma mutum yana iya ɗauke da shi bai ji ko ɗaya ba. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin a ci komai. Idan ya kai giram 1.26 a lita, aka sake wata rana ya sake kaiwa, ciwon ya tabbata. A Ajame ɗin kanta akwai cibiyar masu ciwon sukari a babbar ma'aikatar kiwon lafiyar jama'a, ga kuma babban asibitin koyarwa na Tireshbil. A gida ma yawancin asibitoci suna yin gwajin.

Na biyu mutane ba su son a ambata shi, amma dole ne: kuturta. Takan fara da tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske, ba ƙaiƙayi, ba zafi, in an taɓa shi da auduga ba a ji. Sagewarta ba dole ta zama daidai a ƙafa biyu ba. Wani ma sai ya ga silifa tana zare masa bai sani ba, ko gaban ƙafar yana jan ƙasa in zai yi gudu. Ƙwayar cuta ce take kawo ta, ba gado ba ce, ba kuma sammu ba. Tana warkewa. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganinta kyauta, ana shan sa wata 6 ko wata 12, da zarar an fara sha kuma mutum ya daina yaɗa ta. Abin lura shi ne lokaci. Idan sagewar ba ta wuce wata 6 ba, akwai maganin da kan farfaɗo da jijiyar. Idan ta shekara biyu, ana kashe ƙwayar amma jin da ya tafi da wuya ya dawo. Saurayin da ya ce bari sai ya koma gida da damina, yana iya cinye waɗannan watanni a bakin titi. A Kodebuwa akwai asibitin Raoul Follereau a Adzope, kimanin kilomita 100 daga Abijan. A Nijar akwai na Danja kusa da Maraɗi.

Shan giya mai yawa da ƙarancin bitamin B12 su ma suna kawo sagewa. Wanda yake shan maganin tarin tibi ya ji haka, kada ya daina maganin, ya koma ya faɗa a ƙara masa bitamin B6.

Me ya sa muke tsananta magana a kan ƙafar da ko ciwo ba ta yi? Domin zafi shi ne maigadin ƙafa. Mai lafiya in takalmi ya goge shi yakan ɗingisa, ya tsaya. Wanda ƙafarsa ta mutu sai ya wuni yana gudu a kan ƙusa. Bororo ya fashe, ruwan kwata ya shiga, ya zama gyambo, ya ci har ƙashi. Yawanci ta haka yatsun kutare suke ƙarewa, ta haka kuma ake yanke ƙafar mai ciwon sukari. Shi ya sa tiramol ɗin da samari suke haɗiya don su jure aiki ya zama mugun aboki: ɗan zafin da ya rage shi yake rufewa.

Idan ƙafarka ta riga ta sage, kada ka gasa ta a wuta ko ka tsoma ta a ruwan zafi, za ka ƙone ba ka sani ba. Kada wanzami ya yi mata tsaga ko ƙaho. Kada ka yanke kanta da reza. Kowane dare ka wanke ta, ka duba tafin da tsakanin yatsu, in ba ka gani sosai ka sa madubi ko ɗan ɗakinku ya duba maka. Ka shafa man kaɗe a faso. Kafin ka sa takalmi ka zazzage shi, ka sa hannu ciki. Ba tafiya ba takalmi, ko cikin gida. Ka ga rauni komai ƙanƙantarsa, ka daina taka shi, ka zo.

Akwai alamu biyu da ba a jira gari ya waye. Idan sagewa ta kama tsakanin cinyoyi, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba da kansa. Ko kuma rabin jiki ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe. A kai mutum asibiti nan take.

In kuwa ɗanka ne yake can, ran da ya bugo waya ka tambaye shi ƙafarsa. Idan ya ce tana sagewa, tambaye shi ko tana sakinsa in ya cire takalmi, ɗaya ce ko biyu, tun yaushe, akwai tabo a jikinsa. Amsoshin nan su likita zai fara nema. In zai je asibiti, ya je da safe bai karya ba, ya kuma riƙe takalmin da yake aiki da shi a duba.